Nazarin Lamari: Yaro Ɗan Wata 28 da Zazzaɓin Cizon Sauro Mai Tsanani, da Abin da Ya Faru Ana Cikin Ƙarin Jini

Wannan nazari na ɗaliban jinya ne da ma'aikatan da ke kwanan aiki a ɗakin yara. Lamarin ya faru a wani babban asibitin gwamnati a arewa maso yammacin Najeriya, cikin watan Satumba, lokacin da damina ta yi nisa, ɗakin yara kuma ya cika har ana kwantar da biyu a gado guda. An sakaya sunan yaron da na iyayensa da na asibitin.

Ciwon da ya kawo shi ba baƙo ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da maleriya a duniya, da kusan kashi 31 na masu mutuwa sanadinta, kuma galibin masu mutuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ya sa na zaɓo wannan yaro daga cikin ɗimbin irinsa shi ne, an yi masa allurar da ta dace a kan kari, an samo masa jini, amma duk da haka saura ƙiris a rasa shi cikin dare, a kan abin da ba mai gani sai wanda ke tsaye a bakin gado.

Zuwansa

Namiji ne, watansa 28, nauyinsa kilo 11, an yaye shi tun yana wata 20. An iso da shi da misalin ƙarfe 4:30 na yamma a adaidaita sahu. Kakarsa ta wajen uba ce ta rungumo shi, uwar na biye da ita riƙe da zane da buta. Nas ɗin da ke tantance masu zuwa ba ta tura su yankan kati ba. Ta ga wuyansa ya langaɓe a kafaɗar kakar, ta buɗe tafin hannunsa ta gan shi fari fat, sai ta wuce da su ciki. Ido ba mudu ba, ya san kima. Tsarin tantance yara na gaggawa ma abin da ya ce ke nan: yaron da ya suma, ko yake jijjiga, ko numfashi ke yi masa wuya, ba ya bin layi.

Kakar ce ta ba da labari. Zazzaɓi ya kwana 4 a jikinsa, an ba shi magani, yau da rana ya shiɗe, idanu suka kakkafe, aka yi masa tofi, aka taho. Uwar ba ta ce uffan ba. Ɗan fari ne, ga kuma surukarta a tsaye, ko sunansa ba za ta kama ba balle ta nuna damuwa a fili. Nas wadda ta san mutanenta ba ta ɗaukar wannan shirun a matsayin rashin kula. Sai ta ce wa kakar, "Iya, taimaka ki karɓo mana katin a tagar can," ta juyo wajen uwar ta rage murya: "Maman yaro, ke kike kwana da shi. Yaushe rabonsa da abinci?"

Nan labarin ya canza kama. Rabonsa da wani abin kirki tun kunun jiya da safe, shi ma ya amayar. An saya masa ƙwayar maleriya a kemis a rana ta biyu, ya sha sau biyu, ya amayar da na biyun, aka ajiye sauran. An yi masa allura ɗaya a kemis ɗin, ba ta san ko ta mece ce ba. Shiɗewar kuma ba sau ɗaya ba ce, sau biyu ce: akwai ta asuba wadda ba ta gaya wa kowa ba don ta wuce da wuri. A ta ranar an sa masa cokali a baki don kada ya ciji harshe, an kuma yi ƙoƙarin ɗura masa rubutu. Duk abubuwan nan huɗu sun shafi jinyar da za a yi, kuma ba ko ɗaya da ya fito daga bakin kakar. Ba ɓoyewa ta yi ba, ba ita ke tashin dare da shi ba ne kawai.

Awon farko: zafin jiki 39.4, bugun zuciya 158 a minti, numfashi 52 a minti kuma mai zurfi, ba tari, ba lotsawar haƙarƙari. Iskar oksijin a jini kashi 93. Hannaye da ɗumi, kuma idan an danna farce jini na dawowa cikin daƙiƙa 2, wato jini na zagayawa. Wuya bai sanƙare ba. Saifa ta ɗan kumbura. A ma'aunin hayyaci na Bilantaya, wanda aka tsara a Malawi don yaran da ba su iya magana ba, ya sami 3 cikin 5: yana janye hannu idan an matsa, yana ɗan nishi, idonsa na bin fuskar uwarsa. Suga 4.1. Gwajin yatsa ya nuna maleriya, daga baya ɗakin gwaji ya tabbatar da ƙwayar falsifarom, nau'in maleriyar da ya fi jawo tsanani. Awon yawan jini, wanda muke kira PCV, kashi 14.

Da wannan an gama magana. Jijjiga fiye da sau biyu a yini alama ce ta tsanani, shi dai ya yi biyu, amma ga raguwar hayyaci, ga numfashi mai zurfi da ke nuna tsami ya taru a jini, ga PCV ƙasa da 15. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ya isa a kira ta maleriya mai tsanani.

Sa'a ta farko

An kwantar da shi ta gefe, an duba baki. Cokalin ya ɗan yanki dasashi, ba wani abu mai yawa ba. An sa masa oksijin ta hanci, lita 1 a minti, duk da cewa awon bai sauka ƙasa da 90 ba, domin yaron da jininsa ya kai 14 yana da ƙarancin abin da ke ɗaukar iskar, kuma numfashinsa na nuna yana wahala. Samun jijiya ya yi wuya. A karo na uku aka dace a bayan hannun hagu. A riƙe wannan a rai: kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa da allura, ɗaya tal aka samu.

Kafin a haɗa komai an ɗebi jini na gwajin rukuni da na sikila. Wannan ƙaramin tunani ne da ake yawan mantawa. In aka bari sai an yi ƙarin jini, jinin mai bayarwa zai gauraya da nasa, sakamakon gwajin sikila ya zama ba abin dogaro ba har kusan wata 3.

Allurar atesunet, maganin maleriya mai tsanani, ta shiga da ƙarfe 4:50. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, ba 2.4 na manya ba, don haka nasa miligiram 33 ne. Kwalbar mai miligiram 60 ce. Ana narka garin da mililita 1 na ruwan bikabonet da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ya washe, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, ya zama miligiram 10 a kowace mililita. A tura a hankali ta jijiya, ba a zubawa cikin ledar ƙarin ruwa. Abin da ya rage a zubar, domin haɗin ba ya wuce sa'a guda. Na san wannan na yi wa mutane ciwo inda iyaye ke sayen kowace kwalba da kuɗinsu, kuma na ga inda ake ajiye ragowar don allurar asuba. Ba tsimi ba ne, ruwan da ƙarfinsa ya tafi za a yi wa yaro. Nan take nas ta rubuta lokutan sauran biyun a kan takardar, 4:50 na asuba da 4:50 na yammar gobe, ta zagaye su da jan biro.

Waɗanda suka daɗe a aiki sun tuna zamanin kwinin, maganin da ake yi kafin atesunet: ledar ruwa mai tafiyar sa'a 4, sau uku a yini, ga saukar suga da maganin kansa ke jawowa. Binciken AQUAMAT da aka buga a 2010, wanda ya haɗa yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9 har da cibiya a Ilorin, shi ya kawo sauyin: kashi 8.5 suka mutu cikin waɗanda aka yi wa atesunet, kashi 10.9 cikin na kwinin. Sai dai barin kwinin ya sa wasu sun saki jiki da awon suga, suna ganin matsalar ta tafi da shi. Ba ta tafi ba.

Likita ya ƙara seftirayazon, maganin kashe bakteriya, domin a irin wannan hali ba a iya rantsuwa cewa babu ƙwayar cutar bakteriya a jini ko sanƙarau a ɓoye. Ya rubuta farasitamol miligiram 165 duk sa'a 6, ta dubura tunda ba ya iya sha. An nuna wa uwar yadda za ta rage masa kaya ta riƙa shafa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba na randa ba. An ɗaura ruwa mai suga a ciki, mililita 44 a sa'a, daidai buƙatar jikinsa ta yini. Ba a ɗura masa ruwa da gudu ba duk da saurin bugun zuciyar. Binciken FEAST na 2011 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ya nuna irin wannan ɗurin na ƙara yawan mutuwa ga yara masu zazzaɓi mai tsanani, kuma wanda jininsa ya yi ƙasa haka jini yake nema, ba ruwa ba.

Likitan ya kuma bar umarni guda a rubuce wanda daga baya ya yi rana: a auna suga duk sa'a 3, in ya sauka ƙasa da 3 a ba shi ruwan suga mai kashi 10, mililita 55, ba sai an jira shi ba.

Da ƙarfe 6 saura ya sake jijjiga. Nas ta duba agogo, ta gyara masa kwanciya ta gefe, ta tare hannun kakar da ta riga ta zaro cokali. "Iya, a bar bakin haka. Ba zai haɗiye harshensa ba, cokalin ne zai karya masa haƙori. Ki yi masa addu'a daga nan, muna tare." Da ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, aka ba shi dayazifam miligiram 5 ta dubura, aka matse ɗuwawun na ɗan lokaci don kada ya dawo. Ta lafa. Bayan dayazifam aikin nas shi ne ƙirga numfashi, domin maganin na iya danne shi, kuma shi ya sa ba a wuce sau biyu. An auna suga a lokacin, 4.4.

Maganar rubutu an yi ta da kakar a natse. Ba a ce mata ba kyau ba. An ce mata duk abin da aka zuba a bakin yaron da ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya, ko ruwan zamzam ne. Ta shafa masa a jiki in tana so, sha kuwa sai ya farfaɗo. Ta yarda. Da an yi mata tsawa, da cikin dare za ta ɗura masa a ɓoye.

Jini

Neman jini ya ci sa'a 5. Babu na rukuninsa a ajiye, sai dangi sun bayar. Na uban bai dace ba, aka kira ƙanen uban daga kasuwa, aka tantance nasa daga ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, aka gwada dacewarsa da na yaron. Da ƙarfe 9:40 na dare aka ɗaura.

Lissafin mililita 20 ne a kowane kilo na cikakken jini, wato mililita 220, cikin sa'a 4. Ledar ta babban mutum ce, ta ninka abin da yake buƙata, don haka aka yi amfani da kwalbar awo da ke tsakanin leda da jijiya, kada a yi gyangyaɗi duka ta shige. Ma'aikata biyu suka karanta lambar leda da rukuni da sunan da ke kan fayil. Ɗigo kusan 18 a minti. Aka buɗe takardar lura da ƙarin jini: bugun zuciya da numfashi duk minti 15, da zafin jiki, da duba kumburin fuska ko ƙuraje ko rawar ɗari.

Jini da ruwan suga ba sa bin hanya ɗaya, domin suga na sa ƙwayoyin jinin su dunƙule ko su fashe. Kanula kuma ɗaya ce. Sai aka cire ruwan aka ɗaura jinin, kamar yadda kowa zai yi. Daga wannan minti babu wani suga da ke shiga jikin yaron ta kowace hanya.

Ma'aikatan jinya biyu ne a ɗakin a daren, yara sun haura 30. Awon suga na ƙarfe 9 ya nuna 4.0. Na gaba ya kamata ya zo da ƙarfe 12. Kafin lokacin aka shigo da jariri mai wahalar numfashi, hankalin duka biyun ya koma can, ɗaya na zagayowa tana cike takardar jini. Takardar kuwa tana ta kyau: bugun zuciya ya sauko zuwa 140, numfashi 44, zafin jiki 37.9. Duk wanda ya kalle ta zai ce sauƙi ya samu. Babu gurbin suga a jikinta, babu na hayyaci.

Tun da yamma nas ɗin rana ta ɗora wa uwar aiki. Ta ce mata ba barci ake so ta hana shi ba, amma lokaci-lokaci ta kira shi, ta murza tafin ƙafarsa, in ta ga ya daina janyewa, ko gumi ya karyo masa, ko bakinsa ko fatar idonsa na motsi su kaɗai, ta taso ko da nas na salla ne. Da ƙarfe 12:20 ta taso. Kakar ta yi barci a tabarma, don haka ba wanda za ta ji nauyi.

"Sista, barcin nan nasa ba irin na ɗazu ba ne. Na taɓa ƙafar bai motsa ba, kuma jikin ya yi sanyi."

Nas ta same shi sharkaf da gumi, hannaye sun yi sanyi, ido ba ya bin komai, ba nishi, sai ɗan janye hannu da ƙyar idan an matsa farce. Bilantaya 1. A irin wannan lokaci abubuwa da yawa ke zuwa rai. Jinin ne bai karɓe shi ba? Maleriyar ce ta hau ƙwaƙwalwa? Jijjiga ce ta ɓoye, irin wadda ba a gani sai a ƙiftawar ido da dalalar miyau? Ko jinin ya yi wa zuciya yawa? Ta rufe jinin tukuna, wanda shi ne daidai duk lokacin da yaro ya canza ana cikin ƙari, ta bar hanyar a buɗe da ruwan gishiri, ta aika a kira likita, ta soki yatsa. Suga 1.8.

A nan akwai tarkon da ya kamata ɗalibi ya sani. Wasu na'urorin awon suga na ba da lamba a milimol, wasu a miligiram. Abin da wannan ta nuna 1.8, wata za ta nuna 32. Iyakar da ake fara magani, 3, daidai take da 54 a ɗaya ma'aunin. A san irin na'urar da ke ɗakin tun kafin dare ya yi.

Babu ruwan suga mai kashi 10 a kabad, sai mai kashi 50. Wannan ba a tura wa yaro shi tsagwaronsa, yana ƙona jijiya. Ta ja mililita 11 nasa ta haɗa da mililita 44 na ruwan allura, ya zama mililita 55 mai kashi 10, ta wanke hanyar da ruwan gishiri, ta tura a hankali. Kafin likita ya iso yaron ya yi motsi, can ya fashe da kuka. Bayan minti 30 suga 5.9, Bilantaya 4.

Me ya sa ya faɗi haka? Ajiyar suga a hantar ƙaramin yaro kaɗan ce, kuma wannan ya kusa kwana biyu bai ci ba. Zazzaɓi da jijjiga uku sun ƙone abin da ya rage. Ƙwayoyin maleriya su ma suga suke ci, ciwon kuma na hana hanta ƙera sabo. Ruwan da aka ɗaura da yamma shi kaɗai ke riƙe da shi, aka cire shi na sa'a 2 da minti 40. Babu wanda ya karya wata doka a rubuce, awon ma minti 20 kawai ya makara. Giɓin yana tsakanin umarni biyu ne da kowanne daidai yake: kada a haɗa jini da suga, kuma kada a bar yaron da ba ya ci babu suga. Haɗa su aikin mai jinya ne, domin ita ce ke cire wannan leda ta rataya waccan.

A ganina, duk sa'a 3 ma ta yi nisa ga yaron da aka yanke wa ruwan suga. Da an auna sa'a guda bayan ɗaura jinin, da an ga inda aka dosa. Na san tsinken awo tsada gare shi, sau da yawa iyaye ake turawa su sayo, kuma nas na lissafin sauran yaran da ke jiran ragowar. Amma in za a yi rowarsa, ba a wannan gaɓar ba. Inda babu na'urar gaba ɗaya, ƙa'ida ita ce yaro mai maleriya da hayyacinsa ya faɗi a ba shi suga kawai, ba a jiran tabbaci. Inda kuma jijiya ta ƙi samuwa, a jiƙa ƙaramin cokali na sukari da ɗigon ruwa a sa ƙarƙashin harshe, a maimaita bayan minti 20 ana ci gaba da neman hanya. An gwada wannan a Sikasso ta ƙasar Mali a kan yara masu maleriya mai tsanani, aka buga sakamakon a 2008, kuma ya yi aiki. Ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara su riƙe wannan, tare da atesunet na dubura da ake sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 kafin a turo shi babban asibiti.

Likita ya samu jijiya ta biyu a ƙafa, aka mayar da ruwan suga ta nan. Da aka tabbatar ba jinin ne ya jawo ba, ba ƙuraje, ba hauhawar zafi, fitsari bai yi duhu ba, huhu ba ruwa, aka ci gaba da shi. Ƙarfe 1:40 na cika aka sauke, ya sami kusan mililita 200. Ba a ƙara gudu don a cike lissafi ba, ba a kuma bar ledar ta wuce sa'a 4 a rataye ba. Aka sa masa robar hanci zuwa ciki, aka tabbatar da inda ta tsaya, aka fara ba shi madara kaɗan-kaɗan duk sa'a 3 kansa a ɗage.

Sauran kwanakin

Daga nan jinyar ta koma irin wadda ba a ba da labarinta. Juya shi duk sa'a 2 har ya fara juyawa da kansa. Goge baki. Auna fitsari ta hanyar ɗora ƙunzugun roba a sikeli kafin da bayan ya jiƙa, kowane giram mililita guda, ana neman aƙalla mililita 11 a sa'a. Duba wurin kanula. Allurar asuba ta shiga a kan lokacinta, ta yamma ma haka. Washegari PCV ya kai 22, numfashi ya daidaita, aka cire oksijin. Jijjiga ba ta dawo ba. A yini na biyu ya zauna, ya karɓi kofi, aka zare robar hanci.

Da ya cika allura uku kuma yana iya haɗiya, aka koma ƙwayar atemita da lumefantirin, wadda aka fi sani da Coartem: ƙwaya ɗaya sau biyu a yini har kwana 3 ga mai nauyin kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ta biyu bayan sa'a 8 da ta farko. Ana bin ta da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya tsotse ta, kuma in ya yi amai cikin rabin sa'a a sake. Uwar ce aka sa ta daka ta ba shi a gaban nas, ba nas ta ba shi uwar na kallo ba. Gwajin sikila ya dawo AA.

An lura yana ɗingishi da ya fara takawa. Kafin a ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi aka duba ɗuwawu, sai ga kumburi mai zafi inda aka yi masa allurar kemis. Bai yi ruwa ba, gashi da maganin da yake kai suka wadatar. An gwada ji da gani da riƙon hannu da 'yan kalmomin da ya iya, domin wasu yaran da maleriya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, musamman masu yawan jijjiga ko faɗuwar suga, kan fita da rauni a ɗaya daga cikinsu. Nasa duk lafiya.

Hirar sallama an yi ta da uban a wurin, domin shi ke da kuɗin mota da izinin fita. A nan ne ya bayyana cewa masu rabon maganin rigakafin damina sun zo gidan a watan Agusta. Wannan shiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012 don yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Sahel, ana yin sa wata-wata: ranar farko ma'aikaci ya ba yaro Fansidar da amodiyakwin a gabansa, ya bar amodiyakwin na kwana biyu a ba shi a gida. Yaron ya sha na ranar farko ya tofar saboda ɗaci, na kwana biyun kuma suna nan cikin kwalla, an ajiye sai ya yi zazzaɓi. Gidan sauro akwai, amma zafi ya sa ana shimfiɗa a tsakar gida har dare ya raba. Nas ba ta yi wa'azi ba. Ta ce, "Malam, na watan gobe in sun kawo, kai za ka tsaya a sha na kwana ukun. Kuma in ya yi zafi, a yi gwajin yatsa a ranar, kada a kwana." Ta lissafa musu abin da zai sa a dawo ko tsakar dare ne: amai da duk abin da ya ci, kasa sha, jijjiga, barcin da ba a iya tashinsa, saurin numfashi, farin tafin hannu, fitsari mai duhu.

An sallame shi a rana ta biyar da maganin ƙarin jini na sha na wata 3, aka ba su ranar dawowa bayan mako 1 da bayan mako 2. Dalilin dawowar biyu ne. Yaron da aka yi wa ƙarin jini saboda maleriya na cikin haɗarin sake kwanciya a watannin farko bayan sallama, abin da ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba irinsu maganin kariya bayan sun koma gida. Sannan wasu da aka yi wa atesunet jininsu kan sake faɗuwa bayan mako 1 zuwa 3. Ba su zo na makon farko ba, girbi ya kama. A mako na biyu uwar ta kawo shi tare da ƙanen mijinta: PCV 28, ɗingishi ya tafi, nauyi kilo 11.2.

Da aka tattauna lamarin a taron ma'aikatan ɗakin, abu uku aka canza. An ƙara gurbin suga da na hayyaci a takardar lura da ƙarin jini. An ce duk yaron da ba ya ci, kafin a ɗaura masa jini sai an sami hanya ta biyu, jijiya ko robar hanci, in kuma ta gagara a auna suga kowace sa'a. An kuma manna lissafin mayar da mai kashi 50 zuwa mai kashi 10 a ƙofar kabad, daga kilo 3 zuwa kilo 20. Maganar ƙarin ma'aikatan dare an rubuta wa hukumar asibitin.